Kukan Jariri Da Dare, A Wuyan Wa Yake?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya yi mana dare domin mu huta, Ya ba mu 'ya'ya domin Ya faranta mana da su, kuma Ya jarrabe mu da su. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan rubutu tambaya ce da wani matashi ya tare ni da ita a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, idanunsa jawur. Matarsa ta haihu, haihuwar fari, yau wata 2 ke nan, kuma tun daga ranar suna ba a yi barcin kirki a gidan ba. Ya ce matar tasa ta shiga wani zaure na masu jego a WhatsApp, a can aka nuna mata wata mata a Ingila wadda sana'arta ke nan, koyar da iyaye yadda za su sa jariri barci. Ana biyanta kuɗi, ita kuma ta tsara jadawali ta aiko ta waya. Abin da suka fahimta shi ne a kwantar da yaro a fita, a bar shi ya yi kukansa har ya saba. Mahaifiyarsa kuma ta aiko daga gida da laya da rubutu a kwalba, ta ce baki ne ya kama yaron. Maƙwabciyarsu ta ce duk a bar wannan wahala, akwai wani ruwan magani a kemis, rabin cokali sai safe. Ya ce, "Malam, a cikin ukun nan wanne ya halatta?"

Na ce masa, "Za mu zo kan halas da haram. Amma tukuna, kai a ina kake kwana?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce a falo, saboda yana fita aiki da sassafe.

Ban tambaye shi don in kunyata shi ba, domin ni ma na kwana a falon nan. Lokacin da aka haifa mini 'yata ta fari ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ina ɗaya ɗakin ina bitar babin ciyarwa da hakkokin iyali saboda jarrabawa, maiɗakina kuwa tana ɗaya ɗakin tana zagaye da yarinya a kafaɗa. Wani dare na leƙa, na same ta a zaune ta jingina da bango, barci ya sace ta, yarinyar ta zame daga cinyarta saura kaɗan ta kai ƙasa. Na ci jarrabawar babin nan da maki mai kyau. Allah Ya yafe mana.

YADDA ALLAH YA HALICCI JARIRI

Malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san abin. To bari mu san jaririn tukuna.

Sabon haihuwa ya fi kowa barci a gida. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce daga haihuwa zuwa wata 3 yana bukatar barcin awa 14 zuwa 17 tsakanin dare da rana, daga wata 4 zuwa 11 kuma awa 12 zuwa 16. To ina matsalar take? Matsalar ita ce ba a dunƙule yake yin sa ba, gutsi-gutsi yake yi. Tumbinsa ɗan ƙanƙane ne, nono kuma ba ya daɗewa a ciki, shi ya sa yake neman mama sau 8 zuwa 12 a kwana guda. Sa'an nan bai san dare ba, bai san rana ba, wata 9 ya yi a cikin duhu. Agogon nan da Allah Ya sa a jikin ɗan Adam, wanda ke saukar mana da barci idan duhu ya yi, ba ya fara daidaita a jikin jariri sai wajen wata 2 zuwa 3. Kuka kuwa, likitocin yara sun lura yana ƙaruwa daga mako na 2, ya kai ƙarshen yawansa wajen mako na 6, daga nan ya yi ta raguwa har zuwa wata 3 ko 4, kuma ya fi tsanani da yamma da farkon dare. Wani yaron lafiyarsa ƙalau, yana ƙoshi, yana ƙiba, amma sai ya shafe awa 3 yana tsala kuka.

Ke nan wannan ɗan wata 2 da ya hana gidan abokinmu barci ba lalacewa ya yi ba balle a gyara shi. Ba taurin kai ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Alƙalami bai hau kansa ba, babu wanda ke binsa wani hakki, kuma ba shi da wata magana a duniya sai kukan nan. Amma ku duba shawarwarin nan uku da aka kawo. Ta Ingila ta ce a hore shi. Ta gida ta ce a rataya masa. Ta maƙwabciya ta ce a bugar da shi. Duk ukun kan jariri suka nufa, kamar shi ne ya ci bashin barcin uwarsa, shi ake jira ya biya.

MALAMAN WAYA

Kada wani ya ɗauka zan ce duk abin da ya fito daga waya ko daga Turawa ɓata ne. Wanda ya faɗi haka bai karanta sunna ba. Imamu Malik da Imamu Muslim sun ruwaito daga Judama 'yar Wahbu cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi nufin ya hana miji kusantar matarsa mai shayarwa, sai ya duba ya ga Rumawa da Farisawa suna yi kuma bai cutar da 'ya'yansu ba, sai ya bari. Ku lura da kyau. A kan maganar lafiyar jariri, Annabi da kansa ya duba abin da wasu al'ummai waɗanda ba Musulmi ba suka jarraba, ya yi aiki da shi. Saboda haka abin tambaya ba daga ina magana ta fito ba ne. Abin tambaya shi ne, ina hujjarta?

Kuma akwai alheri a wayar nan, mu faɗi gaskiya. Yarinya 'yar shekara 20 a gidan haya a Abuja ko Legas, uwarta tana Katsina ko Gombe, ƙarfe 2 na dare yaro yana kuka, ita ma tana kuka. Ta rubuta a zauren nan, wata uwa a wani gari wadda ita ma idonta biyu ta amsa mata cewa nata ma haka ya yi, kuma ya wuce. Wannan kalma sadaka ce. Akwai kuma likitoci da ungozomomi na gaske masu ba da ilmi kyauta a Facebook da sauran wurare, har da masu yi da Hausa, Allah Ya saka musu.

Daga cikin ilmin da ya zo ta wannan hanya akwai wanda hujjarsa ta kai a riƙe shi da hannu biyu, watau kwantar da jariri rigingine. Akwai wata mutuwar fuju'a da ke ɗaukar jarirai a cikin barci, a kwantar da yaro lafiya lau a wayi gari babu shi. Shekaru da yawa manyan likitocin Turai da Amurka suna cewa a kwantar da jariri rub da ciki, har da Benjamin Spock, wanda littafinsa na renon yara ya shiga miliyoyin gidaje. Da aka yi bincike sai aka gano kwanciyar rub da cikin nan tana cikin manyan abubuwan da ke jawo wannan mutuwa. Ingila ta fara gangamin a kwantar da yara rigingine a 1991, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta janye daga rub da ciki a 1992, aka yi nasu gangamin a 1994, kuma cikin shekaru kamar 10 irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka. Darasi biyu ne a nan. Na ɗaya, a kwantar da yaro rigingine. Na biyu, babban likita ma yakan yi kuskure, kuma dubban iyaye sun binne 'ya'yansu saboda sun bi shi ido rufe. To idan babban likita ke nan, ina ga wadda ba ka san komai game da ita ba sai hotonta da lambar asusunta? Sunan nan na "mai koyar da barcin jarirai" ba kamar likita ko ungozoma ba ne da hukuma ke tantancewa. Kowa yana iya wayar gari ya rataya wa kansa shi.

Maganar barin yaro ya yi kuka kuwa tsohuwa ce a can. Wani likita a Amurka, Emmett Holt, ya rubuta ta tun 1894. A 1985 wani likitan yara a Boston, Richard Ferber, ya fito da tsarin da mafi yawan masu sana'ar nan ke sayarwa yau: a kwantar da yaro idonsa biyu, a fita, idan ya yi kuka a jira minti 3 a leƙo a rarrashe shi da murya, sa'an nan minti 5, sa'an nan minti 10, a yi ta ƙarawa dare bayan dare. Shin yana cutarwa? A Melbon ta Ostireliya an bi yara fiye da 300 waɗanda ke da matsalar barci suna wata 7, aka koya wa iyayen wasu irin waɗannan dabaru, aka bar wasu. Da yaran suka kai shekara 6 aka sake duba su, aka buga sakamakon a 2012: ba a ga wani bambanci ba, ba ta fuskar illa ba, ba ta fuskar amfani mai ɗorewa ba. Don haka ni ba zan hau mumbari in ce haram ne ba, domin haramtawa ba tare da dalili ba ƙirƙira wa Allah ƙarya ne. Yaron da ya wuce wata 6, lafiyayye, a ƙoshe, uwa da uba sun yi shawara sun yarda, uwar kuma ta kai gargara, wannan al'amari ne mai yalwa. Amma ɗan wata 2? A'a. Ko likitocin da ke goyon bayan tsarin ba su ce a yi wa ɗan wata 2 ba. Wannan yunwa ce ke tashinsa, kuma yawan shan maman nan na dare yana cikin abin da ke sa nono ya wadata.

Sa'an nan mu tambayi kanmu, me ya haifar da wannan sana'a a can? A Amurka dokar tarayya ta 1993 mako 12 kawai ta ba mai jego, kuma ba tare da albashi ba, ba ma kowace ma'aikaciya ta shafa ba. Mace ta koma aiki jikinta bai gama warwarewa ba, babu kaka a gida, babu gwaggo, yaro yana ɗakinsa shi kaɗai. Dole ta nemi wanda za ta biya. Magani ne da aka haɗa wa gidan da babu hannuwa. Idan yau 'ya'yanmu mata sun fara neman wannan magani, to abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne, yaushe gidajenmu suka zama haka?

NAMU NA GIDA

Iyayenmu ba su karanta Ferber ba, amma sun san abu ɗaya: ba a barin mai haihuwar fari ita kaɗai. Ta tafi gida goyon ciki, ko a turo mata tsohuwa ta zauna har arba'in. Ita dai ta ba da mama ta miƙa, kaka ta karɓa, ƙanwa ta goya, gwaggo ta jijjiga. Ko kunyar ɗan fari da ake yi, duk da tana da nata aibin idan ta kai ga uwa ta ƙi kula da ɗanta, ta samu wurin zama ne domin akwai wasu hannuwan da ke ɗauka. Abin da ya fi amfani a jegon gargajiya ba tafasasshen ruwan wanka ba ne, mutanen da ke kewaye da ita ne. Abin mamaki, mun bar wannan, mun riƙe layar.

Laya dai hadisai sun zo da hani a kan rataye-rataye. Magabata sun yi saɓani a kan wadda Alƙur'ani ne zalla a ciki, amma wadda aka ɗinke da hatimai da sunayen da ba a san ma'anarsu ba, kuma zuciya ta dogara a kanta, wannan babu mai halatta ta. Wa ya taɓa farke ta ya ga abin da ke ciki? Ban da haka ma, igiya ce fa a wuyan yaron da ke barci bai iya ɗaga kansa ba. Abin da ya tabbata a Bukhari shi ne Annabi (S.A.W.) yana nema wa Hasan da Husaini tsari da bakinsa. Uba ya koyi wannan addu'a ya tofa wa ɗansa da kansa, ba sai ya biya kowa ba. Rubutun sha kuwa, ko mun ajiye saɓanin malamai a gefe, ruwa ne da ba a san tsabtarsa ba ake ɗura wa yaron da likitoci suka ce kada a ba shi komai sai nono har wata 6, ko da ruwa ne. Daga neman barci sai a koma jinyar zawo.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na kemis. Wallahi, 'yan'uwa, wannan ba barci ba ne, buguwa ce. Magungunan mura da na ƙaiƙayi da ake ba yara don su yi shiru, akwai waɗanda ke danne numfashi. Irin su Phenergan an yi gargaɗi mai ƙarfi kada a ba wanda bai kai shekara 2 ba, domin an samu yaran da numfashinsu ya tsaya. Kuma ba mu manta da My Pikin ba, maganin haƙori da aka samu guba a cikinsa a ƙarshen 2008, wanda ya kashe yara aƙalla 84 a ƙasar nan. Iyayen nan ba su nufi sharri ba, so suke yaro ya samu sauƙi su ma su runtsa. Wanda ya ɗura wa jariri abin da zai gusar masa da hankali ba da umarnin likita ba, don kawai gida ya yi shiru, ya ci amanar da aka ba shi, ko da yaron ya tashi lafiya.

DAREN SAYYIDINA UMAR

Masu tarihi, irin su Ibn Sa'ad, sun kawo wani labari. Wata rana fatake suka sauka a Madina, Sayyidina Umar (R.A.) yana halifa, sai ya nemi Abdurrahman ɗan Aufu su kwana suna gadinsu. Suna cikin salla da dare sai Umar ya ji kukan yaro. Ya je ya yi wa uwar nasiha ta ji tsoron Allah ta kyautata wa ɗanta, ya dawo. Kuka bai tsaya ba, ya sake komawa. Can ƙarshen dare ya je karo na uku, wannan karon da faɗa, har ya zarge ta da cewa ba uwar kirki ba ce. Ita kuwa ba ta san wanda ke magana da ita ba. Ta ce masa ya dame ta, yaye yaron take ƙoƙarin yi ya ƙi. Ya tambayi dalili, yaro bai isa yaye ba. Ta ce saboda Umar ba ya yanka wa yaro kaso daga baitulmali sai an yaye shi. Da asuba ya ja salla, mutane ba sa gane karatunsa saboda kuka. Da ya sallame ya zargi kansa da halaka 'ya'yan Musulmi, ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, daga yau kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa, ya kuma aika da wannan umarni zuwa garuruwa.

Ku tsaya a kan labarin nan, kada ku yi saurin wucewa. Sau uku Umar yana zuwa yana ganin laifin uwa. Haka kowa ke yi, har yau. Yaro ya yi kuka, miji ya ɗaga murya daga falo, "Wai ba za ki ba shi mama ba ne?" Uwar miji ta ce 'yan matan yanzu ba su iya reno ba. Zauren waya ya ce ba ki bi jadawali daidai ba. Amma da Umar ya tsaya ya tambaya, sai ya tarar tushen kukan yana hannunsa, tsarin da shi ya kafa ne ya matse uwar, ita kuma ta matse ɗanta. Bai nemo wa yaron abin sa barci ba. Bai koya wa uwar dabara ba. Nasa ɓangaren ya gyara. To kai maigida, kai ne halifan gidanka. Ka taɓa tsayawa ka tambaya?

Barcin mai jego hakki ne, ba alfarma ba. Jiki yana da hakki a kan mai shi, kamar yadda Salmanu ya gaya wa Abud Darda'i kuma Annabi ya gaskata shi. Amma tunda jariri ba a binsa komai, to wa ake bi? Ku duba yadda shari'a ta bi da matar nan. Allah Ya ɗauke mata salla duk tsawon jinin biƙi, kuma ba za ta rama ba. An yi wa mai shayarwa rangwamen ajiye azumi idan ta ji tsoron cutuwa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya gajarta saboda sanin halin da zuciyar uwar ke ciki. Jam'i guda aka taƙaita saboda mace ɗaya da ɗanta. Ubangijinta Ya ɗauke mata salla, kai ba ka ɗauke mata tuwon dare ba. Haba!

Aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar shayarwa shekara 2, ta ɗora ci da tufatarwar uwa a kan uba, ta hana a cutar da uwa ta dalilin ɗanta, ta kuma sa maganar yaye a kan shawara da yardar su biyun. Malaman tafsiri da yawa sun ce a kan ma'auratan da suka rabu take magana. To idan wadda ka saka ba a yarda ka cutar da ita ta hanyar ɗanta ba, ina ga wadda ke ɗakinka? Malaman fiƙihu, har na Malikiyya, sun yi maganar miji mai hali ya ɗaukar wa matarsa mai hidima idan irin waɗanda ake yi wa hidima ce. Wanda ba shi da halin wannan, ai yana da hannu biyu da kafaɗa.

Na san abin da wani zai ce: reno aikin mata ne, namiji da jariri a kafaɗa abin kunya ne. Ina ka samo? Manzon Allah (S.A.W.) ya ja mutane salla yana ɗauke da jikarsa Umama, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Nana A'isha ta ba da shaida cewa a gida yakan kasance cikin hidimar iyalinsa. Da Aƙra'u ɗan Habis ya yi alfaharin yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, ba yabo ya samu ba. Muna cewa mu masu bin sunna ne, mun gyara tsawon wando, mun gyara sahu, madalla. Wannan ma sunna ce, sai dai ita babu mai ganinka a cikinta. Wani kuma zai ce aiki yake fita. Gaskiya ne, akwai direba da mai gadi da lebura waɗanda barcinsu shi ne abincin gidan, kowa da gwargwadon ikonsa. Amma wanda ke majalisa ko gidan kallon ƙwallo har ƙarfe 12 na dare, ba aiki ne ya hana shi ba. A 2021 gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikatanta maza idan matansu sun haihu. Ba don zaɓen ragon suna da karɓar 'yan barka kaɗai aka ba da shi ba.

Ba wasa ba ne abin da ke faruwa idan aka bar mace ba barci mako bayan mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, mafi yawa ciwon baƙin ciki mai nauyi. Ka ga tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce, ko ba ta jin son yaron. Ba raunin imani ba ne, kada ka tsaya kan cewa aljanu ne. Ka yi mata addu'a, ka kai ta asibiti. Kuma duk wanda kuka ya kai shi maƙura, uwa ce ko uba, har ya ji hannunsa na so ya girgiza yaron, to ya ajiye shi rigingine a wuri mai aminci, ya fita tsakar gida minti 10, ya yi alwala, ya dawo. Girgiza jariri da ƙarfi tana fasa jijiyoyin ƙwaƙwalwa, tana makantarwa, tana kisa. Kukan minti 10 ba ya yin ko ɗaya.

Ga abin da na gaya wa matashin nan. Na ce ya mayar wa mahaifiyarsa magana mai taushi, ya gode mata, ya roƙe ta in da hali ta zo da kanta ko ta turo ƙanwarsa ta yi musu wata guda, domin hannunta ya fi layarta. Na ce kuɗin da zai tura Ingila ya sayi gidan sauro, ya ƙara wa matarsa abinci mai kyau. Ya tashi daga falo. Su raba dare: ta ba da mama bayan lisha ta kwanta, shi ya karɓa, ya sa shi gyatsa, ya canza masa, ya zagaya da shi, idan yunwa ta tashi ya kawo mata ta shayar ya sake karɓa, har ta samu awa 3 ko 4 ba ita ke da alhakin sauraron motsinsa ba. Da rana a buɗe taga haske ya shigo, da dare a rage fitila da hayaniya, agogon jikinsa zai koya. A kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, babu matashi, babu bargo mai nauyi kusa da fuskarsa, babu hayaƙin taba a ɗakin. Likitoci sun fi son ya kwana ɗaki ɗaya da iyayensa amma a tasa shimfiɗar, aƙalla wata 6 na farko. Na san a gidajenmu da yawa gado ɗaya ne. In haka ne, kada wanda ya sha maganin sa barci ya kwanta kusa da shi, kada a haɗa shi da yayyensa, kuma kada a taɓa yin barci da shi a kan kujerar kushin, wannan ya fi duka haɗari. Idan kuma jikinsa ya yi zafi alhali bai kai wata 3 ba, ko ya ƙi mama, ko numfashinsa ya yi sauri, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to ba zauren waya ba, ba wurin malam ba, asibiti ne a daren nan.

Bayan kamar mako 3 ya sake tare ni a wurin. Idanun dai har yanzu da ja. Ya ce yaro yana nan yana tashi sau 3, amma ƙanwarsa ta zo, kuma jiya ya ji matarsa tana dariya a waya da 'yar'uwarta, rabonsa da jin haka tun kafin haihuwa. Sai ya matso, ya rage murya, ya ce, "Malam, akwai sauran tambaya ɗaya. Namiji ya yi goyo da zani, akwai karhanci?"

Na ce babu. Sai dai ya bari matarsa ta koya masa ɗaurin majanyi, kuma ya riƙa duba hancin yaron kada ya danne.